Satar Amsar Hedimasta

Hedimasta ya daɗe da barin aiki, amma har yau ba a sanar da bakinsa ba. Makaranta ta sallame shi da agogon bango da takardar yabo, shi kuwa ya dawo gida ya ci gaba da yi wa duniya gyara. Maƙwabcin da ke ajiye mota a karkace, mai kanti, mai karanta labarai a rediyo, babu wanda bai sha jan biro ba. Mutum ne da idan ka ce masa yau ana zafi, sai ya ce ba zafi ba ne, rashin iska ne, kuma ya tsare ka da ido sai ka amsa.

Tun da matarsa ta rasu gidan ya yi masa yawa. Manyan 'ya'yan duk sun watse garuruwa, sai dai waya, ita ma gaisuwa ce ta a tsaitsaye. Auta ce kaɗai ta rage a garin, tana aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti. Da can zuwanta bai wuce na mai duba mita ba. Ta shigo da makullin mota a hannu, ta tambaya ko ya sha maganin hawan jini, ta leƙa firij, ta ce sai ta sake zagayowa. Ko jaka ba ta ajiyewa.

Sai wata Asabar da yamma ta tarar ya kunna talabijin yana jiran labarai, aka sako kashin farko na wani dogon shiri na ƙasar waje da aka juya wa harshe. Sunansa wani zungureren abu ne, a gidan dai Masu Otal ake ce masa. Labarin wani attajiri ne mai otal da aka tsinci gawarsa a ƙasan matattakala, ga 'ya'ya, ga ƙani, ga akawu, ga likitan iyali da matarsa, kowa da fuskar marar gaskiya. Auta ta tsaya a bakin ƙofa wai minti ɗaya za ta gani. Daga nan ta ɗosana a hannun kujera, daga nan ta zare takalmi. Da aka yanke shirin daidai inda wani hannu ya miƙo zai murɗa ƙofar ofishin mamacin, ta ce wallahi ba ta yarda ba, Asabar mai zuwa tana nan. Ta zo kuwa, har da mijinta.

Hedimasta ya gane abin da ya tsinta, ko da yake da za a ɗora masa wuƙa a wuya ba zai faɗa ba. Tun Alhamis yake sayo biskit da madara. Ranar Asabar ya share falo, ya goge kofuna, ya sa kaya masu guga kamar mai jiran sufeto. Shirin na awa guda ne, amma zaman yakan kai duhu, domin da an gama sai a buɗe musu a kan wanda ya turo mai otal da wanda ya ɓoye wasiyya. Auta takan yi dariya har tana dukan hannun kujera, irin dariyar uwarta sak. Ya san sarai shirin ne ya zaunar da ita, kuma yana tsoron ranar da zai ƙare. Duk mako yana gode wa gidan talabijin a zuci da suke tsiyayo shi kaɗan-kaɗan.

Wannan tsoron ne ya sa ya ɗaura yaƙi da 'yan haɗiya. Haka yake kiran masu zuwa shago a ɗura musu shiri sukutum a waya ko a filash, su rufe ɗaki su cinye shi a kwana biyu. Masu Otal an daɗe da gama shi a ƙasar da aka yi shi, rabin garin sun kalle shi tas. A cewar Hedimasta, labari sai an tauna, sai ya kwana a kan mutum ya tashi da shi, ya yi sati yana juya shi kafin a ƙara masa. Wanda ya haɗiye duka a zama ɗaya ba shi da maraba da ɗalibin da ya buɗe bayan littafi ya kwafi amsa. Su ne masu tsallake layi a banki, su ne masu bin hannun da ba nasu ba a titi, kai, su ne suka kashe ƙasa. Ya kafa doka cewa a gidansa kashi ɗaya ne a mako, kuma duk wanda ya leƙa gaba ya ci amanar sauran. Auta ta ɗaga hannu ta yi alkawari tana ƙunshe dariya, ta zunguri mijinta shi ma ya ɗaga.

To, mijin nan nata shi ne matsalar. Tayil yake sayarwa a bakin babban titi, mutum ne mai jiki, mai sanyin hali, wanda da ya nutse a kujera mai laushi sai ido ya fara lumshewa. Rabin shirin a gyangyaɗi yake yin sa. Tun ranar da ya fara zuwa neman Auta Hedimasta ya ba shi maki a zuci, kuma makin bai kai na wucewa ba. Wata Asabar bayan an gama, Hedimasta ya miƙe tsaye, hannu ɗaya a baya, ya jero hujjoji na ɗaya, na biyu, na uku, ya tabbatar ƙanin mamaci ne ya sace wasiyya. Sai Mai Tayil ya murje ido ya gyara zama.

"Baba, a gafarce ni, ni dai kamar matar likitan nan ce. Ban san dalili ba, tafiyarta ce ba ta yi mini ba."

Tafiya fa! Hedimasta ya yi masa bayanin bambancin hujja da shaci-faɗi har shayi ya huce. Mako ya zagayo, matar likita ce.

Da sau ɗaya ne da an ce sa'a. Amma abin ya ƙi tsayawa. Hedimasta ya ce ɗan fari zai sayar da otal, Mai Tayil ya ce shi dai yana jin wuta za ta kama, wuta ta kama. Hedimasta ya ce likita zai gudu, Mai Tayil ya ce kamar dai aure zai ƙara, ya ƙara. Har Hedimasta ya fara zargin ko surukin nasa yana leƙe a ɓoye, ya tsare shi da tambayoyi, sai ya tarar mutumin ko sunayen 'yan wasan bai riƙe ba, "mai gemun nan" da "doguwar nan" yake cewa. Wannan ya fi zafi. Wato da barcinsa da komai yake kayar da shi.

Rannan Auta tana tattara kofuna ta ce, "Baba, yau ma ka faɗi jarrabawa. Anya ba za ka maimaita aji ba?"

Da wasa ta faɗa, har da dafa masa kafaɗa. Shi ma ya yi yaƙe. Amma maganar ta tsaya masa a rai, ta ƙi wucewa har Litinin.

Ranar Litinin da hantsi ya ɗauki rimot ya sa a aljihu, don in ya haɗu da wanda ya sani ya ce batir ya fito saye. Shagon ɗura fina-finan yana bayan tashar mota, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Ya wuce ƙofar ya dawo, ya sake wucewa, sannan ya faɗa ciki kamar an turo shi. Mai shagon wani ƙato ne mai gemu da furfura jefi-jefi, yana ganinsa ya miƙe zumbur ya kashe kiɗa, ya ce ranka ya daɗe. Nan take Hedimasta ya gane shi. Tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya taɓa zanewa a gaban taron makaranta saboda an kama shi da amsar lissafi rubuce a cinya.

Juyawa ba ta yiwuwa. Hedimasta ya gyara murya ya ce bincike yake yi, yana son ya ga da idonsa irin gubar da ake ɗura wa matasan yanzu. Mai shago ya ce to madalla, ai gara manya su sa ido. Ya ɗauko filash, ya cika shi, ya nuna masa da yatsa inda ake soka shi a bayan talabijin, ya rantse ba zai karɓi ko sisi daga hannun malaminsa ba. Har ya rako shi bakin ƙofa, hannaye a baya, cikin ladabi.

"Duka na sa maka, Malam, daga farko har ƙarshe. In sauri kake, amsar tana kashin ƙarshe."

Hedimasta ya yi kamar hayaniyar tasha ce ta hana shi ji.

A hanya ya gama wanke kansa. Kashin Asabar mai zuwa kaɗai zai gani, shi ma ba don kallo ba. Malamin kirki ai yakan riga aji karanta darasi, wannan shiri ne, ba sata ba. Da ya isa gida ya murɗa makulli, ya saki labule da rana tsaka, ya rage murya don maƙwabci. Kashin ya ƙare daidai inda 'yar mamaci ta yanke jiki ta faɗi a gaban lauya. Babu talla, babu labarai, babu sati guda na jira. Kafin ya lalubo silifas ɗinsa, na gaba ya fara da kansa. Ya ce to bari ya ga ko ta farfaɗo.

Sau nawa ya ce wannan ne na ƙarshe? Shi ma bai sani ba. Shukokin baranda suka sunkuyar da kai. Maƙwabci ya ajiye mota a karkace har ta toshe rabin ƙofa, ya tsaya yana jiran faɗa, shiru, har ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya. Hedimasta ya amsa daga ciki cewa mura ce. Burodi ya ci a tsaye, ido a kan allo, mutumin da ya sha korar yara daga aji saboda tauna cingam. Kuma a faɗi gaskiya, ya ji daɗi, daɗin da rabonsa da shi tun yana saurayi, wannan kuwa ya fi komai ba shi haushi. Kafin Alhamis ya kai ƙarshe. Akawu ne ya turo mai otal, shi da wani ɗansa na ɓoye. Hedimasta ya zauna, wuya ya sage, ido ya yi jajir, tsakiyar labarin duk ya cakuɗe masa, bai san wa ya auri wa ba. Amma amsa dai tana hannu.

Ya yi niyyar tafiya a hankali. Kaɗan zai riƙa tsakurowa, ya ci ɗaya ya bar wa surukinsa ɗaya, yadda ba za a gane ba. Ina! Ba halinsa ba ne. Asabar ta farko ya ce yarinyar za ta faɗi a gaban lauya, kuma ciki ne da ita. Haka aka yi. Auta ta tafa ta ce Baba ya dawo. Ya ji sanyi har tafin ƙafa. Ta biyu ya faɗi inda aka ɓoye wasiyya, ta uku ya faɗi wanda zai mutu a hatsarin mota har da launin motar. Saboda tsakiyar ta cakuɗe masa, duk Juma'a sai ya sake soka filash ya yi bitar darasin gobe. Idan Mai Tayil ya farka ya ce shi dai yana jin kaza, sai Hedimasta ya ce a'a, ɗaya tak, ba hujja ba bayani, kuma a'ar ta tabbata.

Musu ya mutu. Wa zai yi musu da mutumin da ba ya kuskure? Mai Tayil ya daina cewa komai, ya mayar da hankali kan barcinsa. Auta ta fara ciro waya lokacin talla, daga baya har ba lokacin talla ba. Zaman da ke kai duhu ya koma ana gamawa ana neman takalmi. Shi kansa Hedimasta kallon ya zame masa aiki, don dole ya nuna mamakin abin da ya gani jiya, ga shi bai iya wasa ba. Sau ɗaya ma ya dafe ƙirji ya yi salati tun kafin a buɗe wata ƙofa da gawa ke bayanta, Auta ta juyo ta tambaye shi ko jikin ne.

Ba wai bai lura ba. Ya lura, kuma hankalinsa ya tashi sosai. Ya yanke shawarar zai faɗi jarrabawa da gangan, ya ba Auta abin dariya. Ya tsaya gaban madubin banɗaki yana maimaita "ƙanin mamaci ne, ƙanin mamaci ne" har ta zauna masa. Da lokacin ya yi, Auta ta ce Baba me ka gani, ya buɗe baki, sai gaskiya ta fito. Duk tsawon aikinsa bai taɓa sa hannu a kan amsar da ya san ba daidai ba ce, kuma harshensa ya ƙi ya fara da tsufa.

Abin da ya tona shi ma gyara ne. An gama wani kashi da akawu ya zauna shi kaɗai a ofis yana cin abinci a roba, Mai Tayil ya farka a daidai wurin, tausayi ya kama shi. Ya ce Allah sarki, bawan Allah nan ba shi da kowa a duniya, ba mata ba ɗa, sai aikin mutane. Kuskure a falon Hedimasta, a gaban idonsa. Bai ma san ya yi magana ba.

"Yana da ɗa mana. Mai ɗaukar jakunkunan baƙi, mai tabo a goshi, ai ɗansa ne."

Auta ta ajiye waya a cinya.

"Wane mai tabo, Baba?"

A shirin da gidan talabijin ya nuna zuwa ranar, babu mai ɗaukar jaka, babu tabo, ba a ma ɗauke shi aiki ba tukuna. Hedimasta ya ce hasashe ne, kowane otal ai yana da mai ɗaukar jaka. Auta ta ce da tabon? Ya ce irin aikin nan sai da buguwa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙe ba gaggawa, ta zagaya bayan talabijin, ta zura hannu ta laluba. Filash ɗin yana nan inda ya bar shi bayan bitar jiya.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Baba, a wurin aikinmu ni kaɗai ce ban gani ba. Wata da watanni a mota nake cin abincin rana, ni kaɗai, don kada in ji ƙarshen a bakinsu. Har ɓatawa na yi da ƙawata don ta fara ba ni labari. Suna ce mini 'yar ƙauye, ina cewa mu a gidanmu tare muke jira."

Nan ne wurin da mutum zai ce ki yi haƙuri. Kalma uku ce, kuma suna bakinsa, har ya ji ɗanɗanonsu. Amma Hedimasta bai saba ba wa na ƙasa da shi haƙuri ba, sai borin kunya ya taso masa. Ya ce ita ba za ta gane ba, malami dole ya riga aji. Ya ce shi bincike ya yi. Ya ƙara da cewa ba tarbiyya ba ce 'ya ta riƙa lalube a kayan ubanta. Mai Tayil ya sunkuyar da kai yana ƙare wa tayil ɗin falon kallo kamar an kira shi ya yi kiyasi.

Auta ta gyaɗa kai. Ta tambaye shi ko ya gama da filash ɗin. Ya ce shi me zai yi da shi, ya gama tun tuni. Ta ce to bari su ara. Ya ce su ɗauka mana, wa ya hana su. Ta jefa a jaka, ta yi masa sai da safe yadda ya kamata, har da rusunawa, suka fita.

Duk makon ya yi yana tsara yadda zai gyara. Zai bari a gama kallo, sannan ya ce wata magana mai kama da ban haƙuri, ba tare da ta zama ban haƙuri ba. Ya gwada jimloli kala-kala yana ban ruwa a baranda, ya samu ɗaya da ta yi masa, ya haddace.

Ranar Asabar, ana dab da fara shirin, wayarsa ta yi ƙara. Auta ce. Ta gaishe shi da kyau, ta tambayi jiki, muryarta wasai, babu alamar fushi ko kaɗan.

"Baba, mun gama shi shekaranjiya. Akawun ne, shi da ɗan nasa mai tabo. Duk abin da ka faɗa daidai ne, ko ɗaya ba ka kuskure ba."

Ta ce yau za su je gidan yayar mijinta, an daɗe ana yi musu ƙorafi. Ya tambaya sai yaushe ke nan. Ta ce za ta duba yadda aiki ya yi. Jimlar da ya haddace ta gudu, ya nema ya rasa. Ya ji tana shirin yin sallama, sai ya yi wuf ya ce amma fa shi har yanzu bai yarda akawu ne ba, in aka duba da kyau ƙanin mamacin nan ne ya kitsa komai, yana da hujjoji guda uku. Ƙarya ce tsagwaronta, ya san ƙarya ce, kuma ta fito sumul ba tare da ta sarƙe shi ba. Ya tsaya yana jiran ta ce haba Baba, ta yi dariya, ta ja musu.

"To, Baba," in ji ta. "Ai ka fi mu sani."

Ta kashe. Ya daɗe da wayar a kunne. A talabijin kiɗan buɗe shirin ya tashi, aka nuno matattakalar otal. Gidan talabijin ko rabi ba su kai ba, da sauran Asabar masu yawa a gaba.